Tafiyar 'Yan Aji CM2 Zuwa Garwa: Ɗakin Tsuntsaye da Bakin Binuwai

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara.

A watan Disamba za mu kai 'yan aji CM2 (ajin ƙarshe na firamare) Garwa, kwana ɗaya. Daga nan Marwa tafiyar ta ɗan haura kilomita 200, saboda haka da an idar da sallar asuba mota za ta tashi.

Ranar farko Makarantar Horar da Jami'an Namun Daji za mu nufa, wadda aka buɗe a 1970. Tana da ƙaramin ɗaki da ake ajiye tsuntsaye da dabbobin da aka feɗe, aka busar da fatar, aka cusa ta har ta koma siffar mai rai. Da gangan muka fara da nan. Tsuntsun ɗaki ba ya tashi, yaro zai tsaya ya ƙare wa baki da ƙafa da fiffike kallo son ransa. Sai dai a ja musu kunne tun daga gida: ba a taɓawa. Gashin yana karyewa, kuma tsofaffin fatu akan shafa musu magani mai guba don kada ƙwari su ci.

Washegari ƙarfe 6 muna bakin kogin Binuwai, rukuni rukuni, yara shida da malami ɗaya. Da rana ta ɗaga tsuntsaye sun shige inuwa, ga hazon hunturu yana dusashe launi, shi ya sa za mu riƙa ba rana baya. Kuskuren da yara suka fi yi da madubin hangen nesa shi ne su sunkuya su dube shi, kafin su ɗago tsuntsu ya ɓace. A kafa wa tsuntsu ido tukuna, sannan a ɗago madubin zuwa fuska.

Abin da za su rubuta kaɗan ne: ya fi kurciya girma ko bai kai ba, launin bakinsa, da yadda yake tashi. Zalɓe da balbela suna naɗe wuya in suna shawagi, gauraka kuwa miƙe shi take yi. Shamuwa kada a sa rai da ita, baƙuwar damina ce, yanzu ta yi kudu. A madadinta akwai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka tsere wa sanyin Turai, suna nan har wajen Maris.

Babu yaron da zai sa ƙafa a ruwa. Akwai dorina a kogin, ga tsargiya.

Kowa ya zo da ruwan sha lita 2, rigar sanyi mai duhun launi, takalmi rufaffe, littafi da fensir. Danƙon harbin tsuntsu ya zauna a gida.

Muna roƙon kakanni musamman, su koya wa yara sunayen tsuntsayen da suka sani, da Hausa ko Fulatanci, domin takardun da ke jikin na ɗakin sunayen boko ne. A dawo da takardar amincewa da sa hannu kafin ƙarshen Nuwamba.

Wassalam,
Hukumar makaranta