Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, irin waɗanda ba a kiran 'yan jarida ranar buɗe aikinsu. Ajujuwa shida na gina wa wata hukumar gwamnati a makarantar ƙauye. Injiniya ya zo ya duba, ya sa hannu a takardar kammala aiki. Yara sun shiga, har fentin bango ya fara dushewa, amma cikon kuɗina ko sisi ban gani ba. Mai bulo ya daina amsa sallamata. Tsohon birkilan da ya ɗora ginin kuwa, duk Juma'a sai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidana. Ba ya cewa uffan, zaman ne maganar.

Ka fi ni sanin sashe na 37 na dokar bayar da kwangiloli ta 2007: kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba, jinkiri ne, kuma akwai ƙari a kansa. Da wannan na tafi wurin lauya da ƙarfin gwiwata. Sai ya buɗe min sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, wadda muka gada tun 1945, zamanin Turawa. Wai ko na yi nasara, kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba zai taɓu ba sai da amincewar Antoni Janar, babban lauyan gwamnati, muƙamin da kai ma kake riƙe da shi a Tarayya. Wato lauyan wanda nake bi bashi, shi zan roƙa ya ba ni izinin karɓar haƙƙina! An ba kura ajiyar nama ke nan. Banki bai nemi amincewar kowa ba kafin ya liƙa takarda a shagona, kuma kuɗin ruwansa ba ya zuwa hutun Sallah.

A Mayun 2025 gwamnatinku ta yi shelar fifita kamfanonin gida. Mun yi tafi. A shekarar ce kuma 'yan kwangilar gida suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan ayyukan kasafin 2024 da suka gama. Fifikon ke nan? In mu muka makara, a soke kwangila, a kai sunanmu EFCC. In gwamnati ta makara, sai a ce mu ƙara haƙuri.

Akwai batun siminti da farashinsa ya ninka ana tsakiyar aiki, da na masu riƙe fayil sai an "gan su". Na bar su zuwa wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka kai ƙudiri Majalisa a gyara sashe na 84. In ba za a soke shi ba, a sa masa wa'adi: kwana 30 in ba amsa, a ɗauka an amince, kotu ta sa a biya. Birkilana ya haura saba'in, kuma jibi Juma'a.

Naka,
Wani ɗan kwangila daga Zariya