Ɗan yayana na neman gagarar mu, shin in kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah idan za a karanta wannan wasiƙa a shiri a sakaya sunana, domin a gidanmu har uwar mijina ba ta wuce shirinki.

Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina. Yaron da nake riƙo ɗan yayana ne, shekararsa 9. Mahaifinsa ya rasu a harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyensu a yankin Batsari, a gaban idon yaron, uwarsa kuma ta yi wani aure, shi ne ya dawo hannuna. Tun yana ƙarami an san shi da ƙiriniya, har kakarsa kan ce ba ya iya zama ya gama tuwon gabansa. Amma abin da nake gani yanzu ya wuce ƙiriniya. Da dare yana firgita ya tashi da ihu, fitsarin kwance da ya daina tuni ya dawo, in ya ji babura sun taho a jere sai ya shige ƙarƙashin gado. Da rana kuma kamar an canja shi: duka, cizo, jifa. Kwanan nan ya fasa wa ɗan maƙwabta kai da dutse a kan ƙwallo, da aka tambaye shi dalili ya fashe da kuka, ya ce shi ma bai sani ba. An sallame shi daga Islamiyya. A boko hedimasta yana haƙuri ne kawai don ganin idona.

Ba mu zauna haka ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, kuma ban raina ko ɗaya ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Sai dai Hajiya ta kafe cewa iska ce ta shafe shi a daji ranar gudun, maigida kuma ya ce ba wata iska, sangarta ce irin ta maraya, a kai shi wurin malamin da zai gyara masa zama. Wannan maganar ce ta hana ni barci. Kowa a jihar nan ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a watan Oktoban 2019, lokacin da suka shiga gidajen mari a Daura da nan Katsina suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, ciki har da yara. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da sunan rashin ji. Yaron da ya ga abin da wannan ya gani, ban ga abin da bulala za ta ƙara masa ba sai tsoro.

Ƙanwar maigida ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara kawo zancen asibiti. Ta ce akwai lalurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali wadda ake tasowa da ita, likita ba ya yanke hukunci a kanta sai alamun sun kai wata 6, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Akwai kuma ciwon razana da ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya gani, wanda maganinsa na farko zama ne da ƙwararre ana jan yaro da hira da wasa, kafin a kai ga ƙwaya. Ta ce alamun biyun suna kama, kuma yaro ɗaya na iya haɗa su. Shawararta mu fara yankar kati a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mu asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna.

Da na faɗa wa maigida, cewa ya yi ba da shi ba, wai in aka ji an kai yaro irin wannan wuri shi ke nan an raɗa masa sunan mahaukaci, har 'yan matanmu sai abin ya shafa ranar neman aure. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, Anti, kin san bakin mutanenmu. Ni kuma tsorona maganin ne, don na ga manya da suke sha sun koma sai barci da dalalar miyau.

To Anti, irin wannan maganin ake ba yara, kuma in an fara ba a dainawa? Likitan zai iya bambance razanar da halin da aka haife shi da shi? Sannan ta wace hanya zan shawo kan maigida, tunda ba na son in kai shi a ɓoye? Akwai kawun yaron a Jibiya wanda maigida ke jin nauyinsa, ina tunanin sa shi a maganar, amma ina gudun a ce na kai ƙarar miji wurin dangina. Bayan hutun nan maigida ya ce zai kai shi wurin malamin, don haka ina roƙon a taimaka a amsa mini da wuri.

Na gode, a huta lafiya.

Taki,
Goggon maraya, daga birnin Katsina