Wasiƙa daga Garwa: kafin ka ɗora tsohon babur a hanyar Marwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da sanyin Ngaundere. Mu nan zafi ya fara kankama, sai godiya.

Saƙonka ya iso. Na ji Honda CG 125 na marigayi Baba kake so ka tayar, ka hau shi har Marwa. Allah ya jiƙansa. Na yi murna ƙwarai, don babur ne da aka ƙera saboda ƙasashe irin namu tun 1975. Ba shi da sarƙar taimin da za ta saki, sanduna biyu ne ke tura bawul. Amma tafiyar ta kai kusan kilomita 500, don haka kada ka sayi ko noti ɗaya sai an buɗe an auna.

A wanke injin tun yana rufe, a shimfiɗa buhu mai tsabta, kowane noti a ajiye shi da abokinsa. Da an cire silinda, a cusa tsumma a bakin injin, don ɗan kilif ɗin fistan in ya faɗa ciki sai an raba injin biyu. Sannan ka kama kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, da yatsu biyu, ka ja sama ka danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. In kuwa ka ji ko ƙanƙanin "ƙas" sama da ƙasa, boris ɗinsa ya tafi, kuma sabon fistan a kan wannan asarar kuɗi ce.

Faɗin silinda na asali milimita 56.5 ne. Ka bi cikinsa da farce: in farcen ya maƙale a wani gaɓa kusa da baki, sai an yi bori, wato a faɗaɗa cikin silindar a sa fistan mafi girma. Fistan na ƙari yana zuwa da ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share cin, ka bar wa gaba rabonta. Ka kai wa mai bori fistan ɗin a hannu, ya yanka daidai da shi, ba da ka ba. Ring kuwa, wanda makanikanmu ke ce wa sagiman, a sa kowanne cikin silinda shi kaɗai, a daidaita shi da kan fistan, a auna bakinsa: tsakanin milimita 0.15 da 0.35. In bakin ya matse, da injin ya yi zafi ƙarfen zai miƙe, bakunan su haɗu, ya kama. Wajen ɗaurawa rubutun ring yana kallon sama, a rarraba bakunan kada su hau layi ɗaya, alamar IN ta kan fistan ta fuskanci kafireta, kilif kuma sabo.

Kan injin ba ya son dogon bayani. Zuba kananzir ta ramin shiga da na fita. In ya tsattsafo ta gefen bawul, a goge mazauninsa da man gogewa har zobe mai toka-toka ya zagaye ba yankewa. A canza robobin bawul. Sandunan nan biyu a mirgina su a kan gilashi, wanda ya yi rawa ya lanƙwashe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don shi ne ake tsallakewa. Wannan injin ba shi da matatar mai ta takarda. Raga ce ƙarama da sifirin a ƙasa ta hagu, wadda kowa ya sani, sai kuma wani ƙoƙo mai juyawa a bakin kiransha, wato babban ƙarfen da kwanrod ke juyawa, bayan murfin kuloci, mai sukurori uku. Juyawarsa ce ke watsa dattin mai ya manne a bangonsa. A babur da ya shekara da shekaru, in ka buɗe za ka tarar da baƙin abu ya daskare kamar yumɓun tukunya, har sai an sa sukundireba an kankare. Da ƙoƙon ya cika, dattin kai tsaye yake wucewa cikin boris ɗin kwanrod. Don Allah ka tsaya a kan bakanike har ya buɗe shi a gabanka. Haka kuma kada ka yarda a laɓta gam a kan gaskit. Hanyar da mai ke bi ya hau kan injin siririya ce, ɗan guntun gam ya isa ya toshe ta.

Notocin kai a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Tazarar bawul milimita 0.08 ce, duka biyun, injin a sanyaye, alamar T ta magneto a kan layi, lokacin da bawul biyun suke rufe. Mutane na son matse su don injin ya yi shiru. Gara ɗan "cik-cik" da bawul ɗin da bai zauna ba, wanda zai ƙone tun kafin ka kai garin Mbe. In naku na farko-farkon nan ne mai filatin, wato ƙarafa biyun da ke buɗewa su ba fulogi wuta, tazararsa milimita 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa a alamar F. Fulogi, buji a bakin mutanenmu, NGK D8EA, tazara milimita 0.6 zuwa 0.7. Baƙin mai kamar lita ɗaya, 20W-50 na babur mai alamar JASO MA, don wasu man mota suna sa kuloci santsi.

Ka kula da kafireta. Ngaundere ta haura mita dubu a sama, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, wajen mita 200. In aka rage masa fetur a can har ya yi daɗi, da ka sauko inda iska ta fi kauri sai fetur ya yi masa kaɗan, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Bakin fulogi ya zama launin soyayyar gyaɗa. In ya yi fari fat, injin na ƙuna. Soson iska a wanke da kananzir, a shafa mai, a matse. Ka sa ƙaramar matata a tiyon fetur, don in ta kama ka sha zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, ba ka san abin da ya kwanta a gindinta ba.

Kada ka kama hanya da ɗanyen inji. Yi kilomita 500 a cikin gari da kewaye, rabin totur, kana sauya gudu, ka zubar da man farko da wuri, ka sake duba bawul. Ranar tafiya ka fita bayan sallar asuba. A gangaren Falez, dutsen nan na tsakanin Ngaundere da Mbe, ka sauko da giya, birkin ganga in ya yi zafi sakin hannu yake yi. Sarƙa ta yi lilo kamar santimita 2. A jaka ka sa fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, tub da rabin litar mai.

Ka kwana a wurinmu, da safe in ya huce mu duba bawul da fulogi tare kafin ka nufi Figil a hanyar Marwa. Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
amininka na Garwa