Abin da Ke Kashe Gidajen Rediyon Al'umma Bayan Bikin Buɗewa

Ya Edita,

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu kan kiran da ake ta yi na a tallafa wa gidajen rediyon al'umma a faɗin ƙasa. Kiran daidai ne. Inda muke da ja shi ne irin tallafin da aka saba bayarwa: a sayo taransimita, wato na'urar da ke watsa shiri, sabuwa fil, a kafa eriya, a yi biki, kowa ya watse. Bayan shekara biyu ka murɗa akwatinka zuwa zangon, sai ka ji shuuu. In ka bi diddigi, da wuya ka tarar an ƙwace lasisi ko masu sauraro sun gudu. Wuta ce, ko tsawa, ko ruwan da ya shiga kebul, kuma babu wanda ya iya gyara a kusa.

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. Kwamitin tasha kan dage sai an sayo taransimita mai wat 1,000, don a ji su har nesa. To amma zangon FM, wato daga megahaz 87.5 zuwa 108, kusan miƙe yake tafiya kamar gani da ido, saboda haka tsawon hasumiya ya fi yawan wat tasiri. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, eriyar da ke kan mita 30 tana hango kimanin kilomita 22, wadda ke kan mita 60 kuma kimanin 32. Taransimita mai wat 100 zuwa 300 a kan tudu mai kyau ta ishi yawancin garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wadda ta wuce haka wuta kawai take sha.

Sai kebul ɗin da ke kai sigina sama, wanda ba mai kula shi domin ba ya ƙyalli. Mita 40 na kebul samfurin RG-213 yana cinye kusan rabin ƙarfin kafin ya isa eriya. Mai kaurin rabin inci, na jan ƙarfe mai kumfa a ciki, asararsa a tsawo ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kowace mahaɗa da ke waje a naɗe ta da tef ɗin roba mai manne kansa, sannan a bi da baƙin tef a kai. In aka bar ta ba naɗi, ruwan damina zai shiga, ƙarfin da aka tura ya riƙa dawowa cikin na'ura. Mitar SWR, mai auna ƙarfin da ke dawowa, ita ce ke nuna wannan. In ta nuna 1.5 kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, a 2 kashi 11, a 3 kuwa kwata cif. Na'ura mai kyau za ta rage ƙarfinta da kanta, mai araha kuma turansistar fitarwa ce za ta ƙone. Maganin bai fi littafi da biro ba: duk wanda ya kunna tasha da safe ya rubuta ƙarfin da ke fita da wanda ke dawowa. Lambar da ta fara hawa a hankali tana ba da gargaɗi makonni kafin ɓarna.

Tsawa ba ta ba da irin wannan gargaɗin. Hasumiya, da ƙarfen da ya lulluɓe kebul a sama da ƙasa da inda ya shiga ɗaki, da akwatin na'urori, da layin wuta, duka a haɗa su wuri guda a kai ƙasa. Raba su gida biyu shi ke sa wutar tsawa ta ratsa ta cikin mikisa, na'urar haɗa sauti, tana neman hanya. Awon wannan haɗi da ƙasa kada ya wuce om 10, kuma da rani za a auna, lokacin da ƙasa ta bushe, domin awon damina yaudara ne.

Wuta ita ce uwar matsala, kuma lissafinta ba wuya. Taransimita mai wat 300 tana jan kimanin wat 500 daga soket. Mikisa, kwamfuta, fitilu da fanka, a ce wat 300. Wat 800 ke nan, awa goma a rana ya zama kilowat-awa 8. Inda ake samun kimanin awa biyar na rana mai ƙarfi, farantan sola shida masu wat 400 za su biya wannan, bayan an cire kwata na asara. Shirin dare na awa biyar yana buƙatar kilowat-awa 4, kuma tun da batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa, ana son guda huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200. Abu biyu ke kashe su da wuri. Zafi: ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin da kusan rabi, don haka ɗakin da ba taga kabari ne. Na biyu kuwa mutane ne, masu jona dutsen guga ko butar lantarki a layin tasha. Wannan ba injiniya ke maganinsa ba, manaja ne.

Ga abin da muke ganin ya kamata hukuma da masu ba da tallafi su yi. A ɗauki ƙwararren mai gyara guda ga kowane rukuni na tashoshi kamar goma, a ba shi mitar SWR da ta auna ƙasa da bel ɗin hawa, ya zagaya kowace tasha duk wata uku. Kowane rukuni ya ajiye taransimita ɗaya ta ko-ta-kwana, ko da mai wat 50 ce, da fanka da fiyus da mahaɗai, domin tashar da ta yi wata uku shiru masu tallarta da 'yan sa kanta sun riga sun kama gabansu. In za a yi horo, a horar da mutum uku daga kowace tasha, cikinsu har da mace. Mutum ɗaya da aka horar shi ne wanda gidan rediyon kasuwa zai ɗauke.

Duk wannan kuɗin gudanarwa ne, kuma shi ne masu tallafi ba sa son bayarwa. Akwai ƙasashen da suka warware shi da doka. Faransa ta kafa asusun tallafa wa rediyon ƙungiyoyi tun 1982, kuma tashar da kuɗin tallarta bai kai kashi 20 cikin ɗari na abin da take samu ba ce ke cin gajiyarsa. Afirka ta Kudu ta yi dokar kafa hukumar bunƙasa kafofin watsa labarai ta MDDA a 2002, kuɗinta daga gwamnati da manyan gidajen watsa labarai yake fitowa. Yarjejeniyar watsa labarai ta Afirka da aka amince da ita a Windhoek a 2001 ta riga ta ware rediyon al'umma a matsayin rukuni na uku mai zaman kansa, daban da na gwamnati da na kasuwa. In haka ne, bai dace a ɗora masa kuɗin lasisi da na sabuntawa da ma'aunin ɗan kasuwa ba.

Amma asusun ya zo da sharaɗi, in ba haka ba masu hannu da shuni za su buɗe tashoshinsu su laƙa musu sunan al'umma. Kafin a saki kuɗi a ga takardar taron shekara inda jama'a suka zaɓi kwamiti, a ga littafin shiga da fitar kuɗi mai sa hannun mutum biyu, a tabbata ba mai riƙe da muƙamin siyasa a kwamitin, kuma ba mai talla guda da ke riƙe da wuyan tashar. A kuma nemi littafin nan na safe, a duba ko an cike shi a watanni shida da suka wuce.

Naka,
Wasu injiniyoyi da masu horar da ma'aikatan rediyo