Sanarwa ga editoci: amanar maƙalolin da ke hannunmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina duba wata maƙala, sai na ga mai tantancewar da aka tura wa ita ya taɓa wallafa bincike tare da marubucin bara. Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma hakan bai dace ba. Duk editan da ya ga sunan ɗalibinsa, malaminsa ko wanda suke takun-saƙa da shi a kan maƙala, ya cire hannunsa, ya miƙa wa wani.

Maƙalar da ba ta fito ba kuwa sirri ce. Ba a tura wa aboki don ya "leƙa", balle a tsinci wani tunani a ciki a kai cikin nasa aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne jan ƙafa wajen janye aikin da aka gano ƙarya a cikinsa. Mujallar The Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield a 1998, wanda ya alaƙanta rigakafin ƙyanda na MMR da cutar galahanga, ba ta janye shi gaba ɗaya ba sai 2010. A tsakanin nan iyaye da yawa sun ƙi kai ƴaƴansu allura. Ƙa'idojin COPE, kwamitin da ke kula da ɗa'ar wallafa bincike, wanda aka kafa a 1997, sun ce sanarwar janyewa ta fito da wuri, ta kuma faɗi dalili ƙarara.

Don Allah duk mai alaƙa da marubutan da yake duba aikinsu yanzu, ya same ni ta gefe kafin ƙarshen mako.