Titin Illela zuwa Badagry da wutar da muka yanke wa Nijar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan titin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Oktoban 2024, wanda zai tashi daga Illela, a kan iyakarmu da Nijar, ya dire Badagry ta jihar Legas, kilomita 1,068. Mu Sakkwatawa mun yi murna ƙwarai. Amma titin da ya faro daga bakin iyaka, ai rabin ribarsa tana hannun mutanen Kwanni da Tawa da Agadas na Nijar, in sun yarda su riƙa ɗauko kayansu daga tashar ruwa ta Legas. To, za su yarda da mu kuwa?

Da sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, mu kuma muka rufe iyaka, muka katse wutar da ke zuwa Yamai ta layin Birnin Kebbi, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar a lokacin daga wurinmu yake. Wutar nan kuwa ba sadaka ba ce. Muna ba su ne don kada su tare mana kogin Kwara daga sama, madatsar Kainji ta rasa ruwa. Dama suna gina tasu a Kandaji, ga shi mun ba su hujja da hannunmu.

Wanda ya leƙa Illela a watannin da iyaka take rufe ya ga abin da takunkumi ke nufi. Manyan motoci sun yi layi, albasa tana ruɓewa a buhu, kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi ta yi sanyi, masu canjin sefa suna zaune suna kore ƙuda. 'Yan kabu-kabu ne kawai kakarsu ta yanke saƙa ta ɓarauniyar hanya.

An buɗe iyaka a Maris 2024, amma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma ta koyi ɗauko kayanta daga tashar ruwa ta Lome a Togo, ta hanyar Burkina Faso, duk da nisa da hatsarin hanyar.

Roƙona ga gwamnonin Sakkwato da Kebbi da Mai Alfarma Sarkin Musulmi: su matsa a yi yarjejeniya a rubuce ta hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, cewa duk rigimar siyasa ba za ta sake shafar wuta da abinci da magani ba. Kai kuma, Malam Edita, ka tura wakilinka Illela ya ji ta bakin direbobi.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato