Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Adana Tarihin Ikilisiya

Iyayenmu Rabaran-Rabaran, iyayenmu mata, 'yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. A matsayina na sakatare, ga bayanin abin da Ubangiji ya ba mu ikon yi a bana, da abin da ya gagare mu.

A taronmu na bara mun amince cewa aikin bana shi ne neman sunayen masu bishara na gida. Tarihin Turawan mishan ba ya cikin haɗarin ɓacewa, don sun bar wasiƙu da rahotanni a ƙasashensu. Kowane ɗalibin makarantar Baibul ya san cewa Gowans da Kent da Bingham sun iso ƙasar nan a 1893, Karl Kumm ya kafa zango a Wase a 1904, fada-fada na Katolika sun sauka Shandam a 1907, Kulp da Helser kuma sun yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Amma wa ya yi musu tafinta? Wa ya zauna a ƙauye shekara da shekaru yana koyar da karatu da dare, da safe ya kama fartanya? Waɗannan sunaye a bakin tsofaffi suke, tsofaffin kuwa suna tafiya.

Saboda haka yawancin ƙarfinmu ya tafi wajen ɗaukar hira. Matasanmu sun zaga da wayoyinsu, sun zauna gaban dattawa da tsofaffin 'yan Zumuntar Mata. Mun lura cewa idan aka ce wa tsohuwa ta ba da tarihi, sai ta ce ita ba ta yi boko ba. Amma a ɗauko mata tsohuwar waƙa, kafin a kai baiti na biyu ta tuna wanda ya koya mata, da ƙauyen da ya fito, da shekarar da aka yi fara. Daga nan muka mai da waƙa mabuɗin kowace hira. Abin baƙin ciki, wani Baba da muka sa ranar zuwa wurinsa bayan girbi ya riga mu gidan gaskiya tun damina ba ta ɗauke ba. Ɗan mai bishara ne, ya tafi da labarin mahaifinsa. Laifin jinkirin namu ne, ni da kwamiti, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Babbar ziyararmu ita ce ta Wusasa, kusa da Zariya. Mun yi sujada a majami'ar Saint Bartholomew, ginin ƙasa na 1929 da magina Hausawa suka tayar da bakan gizo irin na soron sarakuna. Wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin nan ba zai sake yarda a ce masa Kiristanci da Hausanci ba sa zama inuwa ɗaya ba. A can muka bi sawun Dokta Walter Miller, wanda ya zo tare da Bishop Tugwell a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku inda abokin tafiyarsu Ryder ya rasu, kafin Miller ya sami wurin zama a birnin Zariya a 1905. Abin da ya fi kama zukatan matasanmu shi ne labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa. Zuriyarsu da kansu suka nemo Miller a 1913, aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, sai ciwon barci ya watsa shi. Da yawa cikin membobinmu ba su taɓa jin wannan ba. Daga ƙaramar al'ummar Kirista ta Zariya aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, a gidan mahaifinsa mai bishara.

Mun yi lacca a kan fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932. Muhawara ta yi zafi a kan rawar da malaman Hausa suka taka cikin aikin, har lokaci ya ƙure ba mu gama ba.

Zancen littattafan baftisma da na aure kuwa, sai haƙuri. A wata majami'a mun tarar da su cikin buhu a ɗakin ajiya, gara ta cinye rabi, ɗigon ruwa ya wanke tawadar sauran. Mun ɗauki hoton abin da ya rage shafi-shafi. Muna roƙon iyayenmu limamai, kowa ya duba nasa idan ya koma. Akwatin ƙarfe da ɗan dakali su ne duk abin da ake bukata.

Tafiyar Garkida da Numan ba ta yiwu ba saboda tsadar mota da halin tsaro a hanya. Mun ɗage ta, ba mu soke ba.

Kuɗin ƙungiya bai shigo yadda muka zata ba, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla bayan wannan rahoto. Muna godiya ga iyaye mata da suka ciyar da mu a kowane zango, da 'yan'uwan da suka ba da aron motocinsu.

A shekara mai zuwa, idan Ubangiji ya kai mu, za mu fara rubuta hirarrakin da muka ɗauka, da Hausa da harsunan da aka yi su. Muna neman masu jin Ngas da Bura da Bachama da Gbagyi su ba da sunayensu yau. Duk wanda kuma yake da dattijo a gida da ya haura tamanin, ya same ni kafin a tashi taro, mu sa rana cikin watan nan.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa